Zufar Murfin Tukunya

Na fi shekara shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan babi. Labarin tashina a Tajaye, da lakwal, makarantar boko, da na bari a aji shida, da yawon ci-rani, duk sun zo mini da sauƙi. Wannan kuwa akwai alkawarin yin shiru a kansa, kuma wadda na yi wa alkawarin ta riga mu gidan gaskiya. Na tambayi malamai biyu ko irin wannan alkawari yana bin mutum bayan rasuwar mai shi. Ɗaya ya ce yana bi, ɗaya ya ce ba ya bi. Na je wurin na uku don ya raba gardama, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in je gida in huta. To, ban huta ba. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin mutanen unguwa na cewa babanku ne ya raya murjanin Mushe Haruna a shekarar da ya kwanta ciwo, har na ji kuna faɗa wa naku 'ya'yan. Ba haka abin ya faru ba, kuma ba na son a rufe ni da yabon da ba nawa ba.

Mushe Haruna, kamar yadda muke kiran 'yan boko da Mushe, ma'aikacin ɗakin awo ne a izin, wato masana'antar siminti, a Malbaza. Da ya ajiye aiki ya dawo Ƙwanni ya zauna, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Nana, tana aiki a Yamai. Ni ne mai gadin gidansa, kuma ni da mahaifiyarku Zalika muna zaune a ɗakin da ke bakin ƙofa. Ita tana sayar da dambu da zogale a bakin tasha kowace safiya. Kun san taubashiyata ce, 'yar kawuna na Badaguishiri, don haka aure bai hana ta yi mini tsiya ba ko da rana ɗaya.

A falonsa akwai akwatin gilashi mai cin ruwa wajen bido goma, wato jarka goma, ruwan kuma na teku ne, a garin da ba wanda ya taɓa jin ƙamshin teku sai direbobin kamyo, manyan motocin kaya. Shi yake haɗa shi da kansa, da wani gishiri na musamman da direbobin ke kawo masa daga Kwatano. A ciki akwai kifaye uku masu launin lemu da ratsin fari, da ƙananan murjani guda huɗu, da babba guda ɗaya a tsakiya. Babban ya yi kama da saiwar citta mai yatsu da yawa, launinsa tsanwa-tsanwa, kuma idan yana cikin jin daɗi sai dubban ƙananan bakuna su buɗe a jikinsa suna kaɗawa kamar gashin jariri. Mushe ya ce yana kamar babban yatsa ya samo shi, shekara tara yana renonsa har ya kai girman ƙwarya. Ranar da Zalika ta fara ganinsa ta daɗe a tsugune.

"Mushe, wanga shi ne murjanin da muke ratayawa ga wuya?"

"Danginsa ne, Zalika. Naku ƙashin ne. Wannan da ransa."

"Ashe gawa muke ado da ita," in ji ta. Ta tashi ta koma wurin tukunyarta.

Ban taɓa ganin mutum mai natsuwar hannu kamar Mushe ba. Ya taɓa nuna mini wani dutse da ya tsinto a ramin haƙar Malbaza, da ɓawon katantanwar ruwa manne a jikinsa, ya ce duk ƙasar nan da can ƙarƙashin teku take, kuma farin dutsen da ake siminti da shi ƙasusuwan irin waɗannan halittu ne. Ya koya mini awo biyu. Na farko awon gishiri: wata siririyar kwalba ce da ake sakawa ta yi iyo, da wani zane tsanwa a wuyanta, kuma dole fuskar ruwa ta tsaya a kan zanen. In gishiri ya yi yawa kwalbar sai ta taso sama. Na biyu awon farar ƙasa, wadda murjani ke gina ƙashinsa da ita: a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a riƙa ɗiga magani ana ƙirgawa har shuɗi ya koma rawaya. Sai doka guda da ya maimaita mini har na haddace. Kowace safiya ruwan akwatin yana raguwa saboda zafi, sai a cika shi zuwa layi da ruwan matata kawai. Matatar wata na'ura ce a bayan kicin da ke tsotse komai daga ruwan famfo. Ban da ruwan rijiya, ban da na famfo kai tsaye, ban da na leda, ban da wanda makanikai ke sayarwa don batir, domin wani lokaci da guba a ciki. Ya ce ruwan garin nan mai kyau ne ga ɗan Adam, amma akwai abubuwa narke a cikinsa da murjani ba ya ɗauka.

A farkon bazarar wannan shekara ciwon ciki ya kayar da shi, Nana ta zo ta tafi da shi asibiti a Yamai. Ana riƙe da shi za a sa shi a mota ya ce a tsaya, ya kira ni falo.

"Malam Illiya, sati biyu ne. Ga bido biyu na ruwan matata, ga shuɗin duro na ruwan teku a haɗe. Kifin nan ko sun mutu ana samun wasu. Wannan na tsakiya nake ba ka amana. In na dawo na tarar da shi a buɗe, na san ni ma na warke."

Sati biyu ya zama wata biyu. Aiki aka yi masa har sau biyu, kuma Nana ta ce likita ya hana a kai masa kowace irin magana mai tayar da hankali.

Kun san halina. Ni ne mutumin da ke komawa ya taɓa kwaɗon ƙofa sau uku bayan ya kulle. Awon farar ƙasa da Mushe ke yi sau ɗaya a mako, ni kullum nake yi, kuma in na ƙirga ɗigo takwas sai zuciyata ta ce ko tara ne, in zubar in sake. Kafin kwana goma sha biyu na ƙarar da maganin da zai kai damina. A daidai lokacin ruwan famfo ya yi rauni kamar yadda yake yi kowace bazara, ya koma zuwa kamar hawaye, matata kuwa sai da ƙarfin ruwa take aiki. Bido biyun suka ƙare. Zafi ya tsananta, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, na juya fanka kan akwatin kamar yadda na ga Mushe na yi, ruwan ya ƙara saurin raguwa. Na tsaya ina kallon layin, ruwa ya sauka ƙasa da shi da faɗin yatsa biyu. Na bi dokar a kaina ɗaya bayan ɗaya. Rijiya an hana, famfo an hana, leda an hana. Ruwa ɗaya ne a gidan da Mushe ya haɗa da hannunsa kuma bai taɓa ambatarsa cikin abin da ya hana ba, shi ne na shuɗin duro. Na ce a raina, ruwan teku ya ragu, a ƙara ruwan teku, ina laifi? Har daɗi na ji da na samo hanyar da ba ta karya doka ba. Kwana tara ina yin haka. Kwalbar awo kuwa, da na ga ta fara tasowa, sai na ce zafi ne ya ɓata ta, na wanke ta na ajiye a aljihun tebur. Mutumin da ya ƙarar da magani wurin awon abin da ke daidai, shi ne ya ɓoye ma'aunin da ke gaya masa gaskiya.

A rana ta goma, ɗaya daga cikin ƙananan murjanin ya wayi gari fari fat, naman jikinsa na saɓulewa. Babban ya rufe bakunansa gaba ɗaya, ya zama kamar busasshiyar citta. Zalika ta dawo daga tasha da hantsi ta same ni zaune a ƙasan falo.

"Malam, wa ya mutu?"

Na nuna mata. Ta matsa ta duba. Ba murjanin ta fara kallo ba, bakin gilashin ta kalla, inda wani farin ɓawo ya taru ya yi kauri. Ta kankaro shi da farce ta ɗanɗana, ta tofar.

"Da mi kake cika shi?"

Na gaya mata, har da hujjojina duka, a jere.

"Kai, ɗan Tajaye! Gero kaɗai kuka sani. Ka taɓa ganin garkarmu ta Badaguishiri in rani ya yi nisa? Ruwa shina tahiya sama, gishiri shi zamna ƙasa shi yi hwari. In miya ta ƙahe bisa wuta, gishiri kake ƙara mata ko ruwa?"

"Ruwa."

"To kwana tara kana ƙara ma miyar Mushe gishiri."

Na ɗauko kwalbar awo na saka. Ta taso har zanen tsanwa ya bar ruwa da nisa. Ban san sanda na ɗauki bokiti na nufi rijiya ba. Na cika shi, na dawo da gudu zan juye, sai na same ta tsaye a ƙofar falo ta ware hannuwa.

"Aje shi."

"Zalika, mutuwa yake yi!"

"Ba an hana ruwan rijiya ba? Kai da ka riƙe doka har ta kai mu nan, yanzu za ka yar da ita? Kuma ko ruwan kirki ne, ka taɓa ganin an ɗura ma wanda ƙishirwa ta kayar randa guda? Aje, na ce."

Na ajiye. Ta ce in ba ta lokaci zuwa azahar. Abin da ta yi, na gan shi da idona kuma har yau ina mamaki. Ta wanke babbar tukunyarta da toka da yashi, ba sabulu, ta zuba ruwan rijiya, ta ɗora madambaci a kai kamar za ta turara dambu. Maimakon tsaki sai ta zaunar da sabon kwanon langa a ciki, cikin kayan da take tara wa yayarku. Ta kifa murfin a juye, maɗaukinsa na kallon ƙasa, ta naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma kada tururi ya fita, ta cika kwarin murfin da ruwan randa mai sanyi. Tururi ya tashi, ya bugi murfi mai sanyi, ya zama zufa, ya gangaro ta kan maɗaukin yana ɗiga cikin kwano. Ta ce shekara ashirin tana ɗaga murfin dambu zufarsa na zubo mata a hannu, kuma ko tukunyar da kanwa ko da gishiri, zufar nan ba ta da ɗanɗanon komai. Kwanon farko ta zubar, ta ce da warin tukunya.

Ni kuwa zuciyata ba ta yarda ba. Na ce asalinsa dai ruwan rijiya ne, kuma an hana. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko madubinta, ta goge shi, ta ɗiga ruwan rijiya a gefe ɗaya, ruwan murfi a ɗaya gefen, ta ajiye a rana. Kafin mu gama sallar azahar duka sun bushe. Na rijiya ya bar farin zobe. Na murfi bai bar komai ba, kamar ba a taɓa ɗiga shi ba.

"Ko in kira maka malami ya duba?" in ji ta. A lokacin ma an san ni da yawon tambaya.

Daga ranar ta daina zuwa tasha. Tukunya ɗaya ba ta isa ba, domin akwatin yana shan buta biyu a yini, kuma bayan wannan dole mu riƙa ɗebe kaɗan daga ruwan da ya yi gishiri muna mayar da marar gishiri. Ta aro tukunya ta biyu wurin maƙwabciya. Daga asuba har rana ta faɗi tana tsakanin murhu biyu, a watan da ko kare ba ya barin inuwa, tana kwashe ruwan kan murfi in ya yi ɗumi tana zuba mai sanyi. Ni aikina jan ruwa da faskare da riƙe bakina. Ruwan da ta tara sai ya huce a inuwa har ya yi daidai da na akwatin, sannan mu zuba a buta mu ɗora a kan kabad, ta sa zaren auduga daga bakin butar zuwa akwatin, ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo. Ta kafa mini doka biyu. Kwalbar awo sau ɗaya a yini, da safe, kuma kada zanen ya sauka fiye da kaurin zare a rana. Garin farar ƙasa kuwa, tunda na ƙarar da maganin awonsa, ta ce in riƙa sa cokalin da Mushe ke sawa, ranar da yake sawa, ba ƙari ba ragi.

"In kuma ya yi kaɗan fa? In ya yi yawa fa?"

"Abin nan shina da baki dubu, Malam. In bai ji daɗi ba za shi gwada maka. Ka dube shi, ka bar duban tsoronka."

Masu sayen dambunta sun yi ta aiko tambaya, daga baya suka daina, wata mata ta kafa tukunya a wurinta. Tururi ya ƙone mata bayan hannun dama, tabon da kuka sani, wanda take ce muku na man tuya ne. Idanunta suka yi ja saboda hayaƙi, kuma tun daga wannan bazara ba ta ƙara iya zura zare a allura da kanta ba. Na ce mata ta huta in karɓe ta, ta bar mini murhu na rabin yini, na ɗaga murfi sau bakwai don in ga ko yana ɗiga, tururin duk ya gudu. Ta kore ni da muciya.

A kwana na sha shida fuskar ruwa ta dawo kan zanen tsanwa. Ƙaramin da ya yi fari bai dawo ba, wani ƙaramin ma ya bi shi. Babban yana nan a rufe, ƙasansa ya yi fari kamar faɗin tafin yaro. Kwana uku bayan haka ina shara da hantsi na ga kan yatsa ɗaya ya yi gashi-gashi. Na fita ina kiranta har da sunan da ba na kiranta da shi a gaban mutane. Ta zo da itace a hannu, ta tsuguna, ta daɗe tana kallo.

"To, sannu da tashi," ta ce masa. Sannan ta juyo gare ni. "Wutata na ci a banza."

Ta ci gaba da dafa ruwan har ruwan sama ya sauka, famfo ya yi ƙarfi, matata ta tashi.

Mushe ya dawo ya rame har ban gane shi ba, Nana na riƙe da shi. Bai zauna ba sai da ya isa gaban akwatin. Babban murjanin yana buɗe gaba ɗaya yana kaɗawa. Abokansa sun cika falo don yi masa barka, ya kama hannuna a gabansu ya ɗaga, ya ce ga mutumin da ya riƙe masa teku wata biyu cikin bazarar Ƙwanni, da lakwal ɗinsa ta aji shida. Ya ga biyun da suka mutu, ya ce zafi ne, ba komai. Na buɗe baki zan yi magana. Zalika tana bakin ƙofa da tiren ruwa, ta ce da ƙarfi:

"Wallahi Mushe, Malam bai huta ba ko yini guda."

Ba ƙarya ta yi ba, amma ta rufe mini baki. Da muka koma ɗaki na ce gobe zan gaya masa komai.

"In ka ce ni na gyara, sai ya ce wa ya ɓata. Mutum ya taso daga bakin kabari da abu guda da ya yarda da shi, kai. Ka bar mashi. Kuma gadin nan shi ke riƙe da mu yanzu, tunda wurina na tasha ya tahi. Yi mani alkawari."

Na yi mata. Na sha tambayar kaina ko ya gane. Mutumin da ya yi shekara talatin a ɗakin awo, da ya san matatarsa ba ta aiki sai da ƙarfin famfo, bai taɓa tambayata da wane ruwa na cika akwatin ba. Sau ɗaya na gan shi tsaye a bayan ɗakinmu yana kallon tulin tokar da ta taru, ya daɗe, ya koma ciki. Ban sani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba.

Ya ƙara shekara uku a duniya, Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar arba'in Nana ta sa murjanin cikin gulasiya, akwatin ajiye ƙanƙara, da ruwansa, ta tafi da shi Yamai. A lokacin farin da ke ƙasansa ya rufe, ya fi ƙwarya girma. Ta yi mini godiya tana kuka, ni kuma na karɓa, mahaifiyarku na tsaye a gefena da hannunta cikin mayafi. Daga baya na ji an ce aiki ya mayar da Nana wata ƙasa ta bakin teku, lambar da nake da ita kuma ta daina shiga.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, ko ɗan Ƙwanni, ko tsohon ma'aikacin Malbaza, ko direban da ya taɓa kawo wa Mushe Haruna gishiri, in ya san inda Nana take ya sanar da 'ya'yana. Ina son in san ko murjanin yana da rai. In ya mutu ma a gaya mini, zan iya ɗauka, amma a gaya mini shekara nawa ya ƙara. Kuma a faɗa mata cewa godiyar da ta yi a ƙofar gidan mahaifinta ta ba wanda ya kusa kashe shi ne. Wadda ta raya shi sunanta Zalika, 'yar Badaguishiri, mai dambun bakin tasha. In Nana tana sa mutane cikin addu'a, da wannan suna za ta sa.